Allurai a Cikin Tukunya

A Katako nake zubi,
can ƙarshen layi, inda hayaƙi ke kwana.
Shekara talatin da ɗaya ina narka abin da Yamai ta yar:
gwangwanin lemo, fistan na tsohuwar mota,
marfin da ya rabu da tukunyarsa.
Su shiga wuta kowa da sunansa,
su fito ruwa ɗaya, fari kamar wata.

Maigidana Tankari, mutumin Tawa, Allah jiƙansa,
in ruwan ya kwanta ya yi ido
sai ya ɗebi gishiri da yatsa uku, ya watsa.
Na tambayi dalili, ya ce:
"Miya ma ana sa mata, balle ƙarfe."
Na ɗauka wasan tsofaffi ne.
Da ya rasu, na bar gishiri ga masu miya.

Bara Hajiya Kubura ta Bukoki
ta ce in zuba mata babbar tukunyar suna.
Na zaɓi fistan zalla, na yi mata kauri,
na bar ta cikin rairayi ta kwana,
wai ta huce a hankali, kada a tashe ta.
Ta fito tana sheƙi, har maƙwabta suka leƙo.

Ranar suna, mutum biyu suka ɗaga,
kunne ya ɓalle, gindi ya tsage,
shinkafa tiya goma ta koma toka.
Hajiya ba ta zage ni ba.
Ta zube gutsattsarin gaban ƙafata, ta juya.
Da ma ta yi zagin.

Ɗiyata Tsahara, mai karatu a hayin kogi,
ta ɗauki guntu ɗaya ta ƙulle a bakin zane.
Ta goge shi har ya zama madubi,
ta sa shi ƙarƙashin gilashin da ke mai da ƙura dutse.
Bayan sati ta miƙo mini waya:
"Baba, ga cikin tukunyarka."

Allurai na gani.
Dogaye, masu toka-toka, a watse,
kamar an zubar da kwandon tela.
Ta ce ɗan'uwan yashi ne da ke cikin fistan:
in ka ba shi dare guda, sai ya miƙe ya yi tsini,
kuma kowane tsini ƙofa ce,
nan tsaga ke sa ƙafa ta shiga.

Ta shafa waya, wani hoto ya fito,
daga leɓen tukunyar uwarta, zubin Tankari,
wadda ta faɗo daga amalanke sau biyu,
ta lotsa, ba ta fashe ba.
Nan allurai sun gajarce, sun dunƙule,
kamar tsakin gero, kamar saiwar ciyawa a saƙe.
Ƙarfe ɗaya, nauyi ɗaya.
Sikeli ba ya gane su, ido ba ya gane su,
sai ranar da aka ɗora kaya.

"Gishirin na hana su tsawo," in ji ta,
"amma in ka yi jinkiri, ƙarfinsa ya gushe.
Ka bar zubi ya huce da wuri.
Kuma ka tsince ƙusa daga tarkace,
allurar baƙin ƙarfe ta fi mugunta."
Na ce, yaya sunan wannan a littafi?
Ta faɗi wata doguwar kalmar Faransanci,
kafin la'asar na manta.

Washegari na ce wa Nomau ya juya ƙafar keke,
gawayi ya yi ja,
gutsattsarin Hajiya suka koma ruwa.
Na ɗebi gishiri, yatsa uku.
Hannuna ya tuna, ko da ni na manta.

Tana nan rataye a ƙusa, wata biyu ke nan.
Na aika sau uku, Hajiya ba ta zo ba.
In kasuwa ta yi shiru
nakan ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa,
in kara kunne.