Rana a Tasa

Ina ɗan shekara tara na saci tabaran kakana Modi,
na tsuguna bayan rumbu da ɓawon kara,
na yi ta karkata gilashin har rana ta tsuke,
ta koma ɗigo ɗaya kamar ƙwayar gero.
Ɗigon ya yi baƙi, ya yi hayaƙi, ya kama.
Bulala uku na sha a ranar.

Shekara hamsin ta wuce,
ga ni da bene a Mabera,
ƙasa shaguna, sama 'yan haya,
lungu kuwa na janareta ne, mai tarin tsohon mashayin taba.
Jarka biyu yake karyawa da ita,
kafin la'asar yana neman ƙari.
Jabbi tela ya ce injin yake yi wa ɗinki, ba iyalinsa ba.
Mai ƙanƙara ta kwashe firjinta ta koma Gawon Nama.
Mai kemis yana zubar da alluran da zafi ya kashe,
yana harara ta kamar ni na hura watan Afrilu.

Mu nan ba mu taɓa yi wa rana kallon arziki ba.
Tana narka kwalta, tana fasa leɓe,
mu kuwa mu laɓe gindin dogonyaro muna tsine mata.

Sai Kulu ɗiyata ta dawo daga karatu
da takardu, da ma'auni, da taurin kan uwarta.
Ta hau rufi da tsakar azahar, ta leƙo ta ce,
"Baba, dukiya na zuba nan kullum, ba mai tara hannu."

Abin da ta kawo ba baƙin faifan da na saba gani ba ne.
Madubai ne masu zurfin ciki kamar tasa,
kowanne ya tattaro hasken da ya faɗo masa,
ya dunƙule shi kan ɗan abin da bai kai kwalin ashana ba,
daga nan wuta ta bi waya ta sauko.
Bayansa bututun ruwa ne, don kada ya ƙone,
ruwan ya iso ƙasa da ɗuminsa, masu jego suna sa albarka.
A hankali suke juyawa, gabas zuwa yamma,
kamar tumaki na bin mai dusa da ido.

Kuɗin fa?
Filina na Kwannawa ya tafi.
Dare uku ban runtsa ba.
A majalisa aka ce an ci tsoho da madubi.

Ƙarshen wata na buɗe littafin lissafi,
jarka sittin ta koma tara.
Na goge ido na sake ƙirgawa,
na kira Jabbi, ya ƙirga da allin ɗinkinsa,
ya kai tara, ya tsaya, ya ce a rage masa haya.

Ba kullum ake kwana a gado ba.
A Agusta hadari ya zauna kwana huɗu,
madubin nan kuwa ba ya cin hasken da gajimare ya tauna.
Muka lallashi tsohon mai tari, ya tashi yana gori.
Tantabarun maƙwabci ma ba su san tsada ba,
inda ya fi ƙyalli nan suke sauke nauyinsu.

Yanzu aikina ne bayan asuba,
in hau da tsumma da jarkar da ta bar ɗaukar mai, ta koma ruwa.
Daga sama ina jin keken Jabbi,
ina jin firjin mai ƙanƙara, ta dawo ba ta ce komai ba,
ina jin kurciya, wadda na ɗauka ta bar unguwar tuntuni.

Jiya na nemi tabarauna na rasa.
Bayan tankin ruwa na iske Sambo jikana
tsugune da takarda, yana farautar ɗigo.
Na ɗaga hannu.
Na sauke.
Na ce, "Karkata shi kaɗan, ka yi nisa da yawa."