Jadawalin Bana

Daren da na zauna tsara wasannin bana,
waya a baki tana haska mini takarda,
Yahuza ma'aji ya riga ya gama magana:
jaka tamanin, ko dala ba ƙari.
A ciki za a sha mai, a ciki za a ɗinke raga,
a ciki za a sayi ruwan leda.

Bara wayo na yi.
Na tsinto maƙwabta, waɗanda ake taka wa da ƙafa,
muka casa Tibiri, muka koma muka sake,
wasa tara, ba wanda ya sa mu gumi.
Na kai wa kwamiti lissafi ina wani ɗage kafaɗa.
Shugabansu ya sauke tabarau:
"Mushe Illiya, mun ga tara.
To, wa kuka kayar?"
Ashe mai kokawa da yara
ko ya yi kaye, makaɗi ba ya tashi.

Bana sai na nemi manya.
Tasawa suka ce za a duba.
Damagaram suka ce ku zo, mu ba mu zuwa.
Babba ba ya son ƙarami a jadawalinsa:
in ya ci, bai ci komai ba,
in ya faɗi, ya zama hirar tasha.
Dakoro kaɗai, masu dukan da ake tsoro,
suka amsa tun sallamar farko.

Mu sha ɗaya a motar mutum tara,
ƙwallo biyu a cinyar Habsu,
Tsahara na bitar sunayen ƙasusuwa,
jarrabawar jinya na jiranta ran Litinin.
A Damagaram an gama da mu
shayin direba bai ko tafasa ba.
A Tasawa mun ja har zagaye na biyar,
maki biyu suka raba mu,
ba wadda ta ce uffan har Gazawa.

Amma Dakoro!
Sahura ta tashi kamar an ja ta da guga,
ta dasa ƙwallo a bakin layi,
tokar layin ta yi tsalle ta ba da shaida.
Mun shigo Maradi tsakar dare, murya duk ta dushe,
mai gadin makaranta ya zaci biki aka yi.

Mun ci biyar, an ci mu uku.
Na ce bana in an tambaya, akwai amsa.

Huɗu za a ɗauka zuwa zagayen ƙarshe.
Suka rufe ƙofa tun hantsi,
ni ina gindin dogon yaro
ina tara maki da tsinke, ina gogewa da takalmi.
Bayan la'asar aka manna takarda.
Na bi ta da yatsa, na sake bi.
Mu ne na biyar.
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
Dakoro ta janye, ba kuɗin mota,
an soke duk wasan da aka yi da ita.

Na nemi haushinsu a zuciyata, ban samu ba.
Na san aljihunsu, ƙanen namu ne.

Sahura ta zo, yatsa biyu ɗaure da tsumma.
"Mushe, wanda na buga ɗin nan,
shi ma an goge?"
Na ce, a takarda dai.
Ta ɗan tsaya. Ta ce in ba ta makullin ɗakin kaya,
rana da saura.

Suna can suna ɗaura raga, gefe ɗaya ya fi tsawo.
Na juya bayan jadawalin,
na rubuta baɗi,
na sa Dakoro a layin farko, mu za mu je.
Yahuza bai sani ba tukuna.