Layi a Jikin Kwalba

Asubahi a Ambursa, ladan bai sauke hannu daga kunne ba
na buɗe rumfar mai.
Duro goma sha ɗaya na ƙirga jiya,
yau ma sha ɗaya,
sai dai na bakwai hatiminsa ya karkace
kamar hular wanda ya kwana a tasha.

Jirgin feshi na jira a fili, ƙarami, farfela ɗaya.
Jan-baki sun riga mu tashi.
Daga fadamar Argungu ake ta bugo waya:
shinkafa ta yi nono, tsuntsu na tsotsa.

Man jirgi shuɗi ne,
shuɗin ruwan da aka ɗauraye rini a ciki sau uku.
Wannan da na tsiyaya ya koɗe,
warinsa warin gidan mai na bakin titi.

Na yi yadda Ishaya, injiniyanmu mutumin Zuru, ya koya mini:
ruwa kaɗan a gindin kwalba,
ka ja layi da biro daidai inda ya tsaya,
ka cika da mai, ka toshe, ka girgiza,
ka ajiye, ka ƙirga ɗari.
Man ƙwarai ba ya gaisawa da ruwa.
In ruwa ya haura layi, akwai itanol,
barasar rake, mai barin mai ta bi ruwa.

Ya haura.
Faɗin farce biyu.

Arzika mai kawo kaya yana goge baki da hannun riga:
"Haba Nomau, fetur ai fetur ne.
Motata na shansa tun bara, ko tari ba ta yi ba."
Na ce, mota in ta yi tari
gefen hanya take nema.
Sama ba ta da gefe.

Ba yau zai nuna hali ba, shi ne mugun abin.
Zai kwana a tanki yana shan laimar damina,
ya jiƙa roba ta kumbura,
ya ci tiyo ta ciki kamar gara a azara,
sai ranar da Kyaftin Modi ya yi ƙasa-ƙasa bisa gulbi
injin ya haɗiye numfashi.

Na shafa wa na bakwai jan fenti.
Na buɗe na takwas: shuɗi tas,
ruwa ya zauna a layinsa kamar ɗan kirki.

Amma ni ɗan Bagega ne.
Na san abin da ke cikin shuɗin nan
tun kafin in iya karanta shi a jikin duro.
Dalma.
Ita ce a dutsen zinariyar da aka daka a turminmu,
ita ce a ƙasar da Ige ta yi rarrafe,
shekararta biyu, ta sandare a cinyar inna,
muka ce iska ne.

Yau ni ke gadinta kada a gurɓata ta.
Injin na son ta, da ita yake tafiya sumul,
jinin yaro kuwa ba ya mance ta.
Wanne ne mai tsabta, Ishaya?
Ya ɗaga kafaɗa: "Tambayi wanda zai sha."

Jirgi ya tashi bakwai saura.
Bakin salansa ya bar toka-toka a tsummana.
Na cire safar hannu,
na wanke da sabulu, na sake, na sake.

Da yamma Kulu ta sheƙo tun daga zaure,
hannu biyu a sama.
Na ce tsaya nan, 'yata,
bari baba ya tuɓe rigar aiki.
Ta tsaya tana kallona
a bayan layin da na ja mata da ƙafa.