Zoɓo da Kanwa

Shekara uku a Ƙofar Sauri
ɗakin gwajinmu a kulle,
makulli ya bi aljihun shugaban
da aka mayar Mani.
Muka haddace sinadarai, karatun aku,
kwalba ma da alli muka san ta.

Wata Talata Malama Barira
ta shigo da zoɓo a gora,
ta kwance kanwa daga bakin mayafi.
Ta jefa. Jan ya rikiɗe kore.
Ta matsa lemon tsami, ya dawo.

Aji ya yi tsit.
Sai Ila na bencin baya,
wanda bai taɓa ɗaga hannu ba:
"Malama, in toka ce fa?"

Ta miƙa masa gorar.
"Tambayi murhun gidanku.
Gobe kai ne malami."