Kwalba Mai Neman Hannu Goma

Kwalbar da ke tafina ba ta kai babban yatsa ba,
amma hannu goma take nema.
In na huda bakinta da hantsi,
la'asar na yi ta mutu,
ko ta shiga jiki, ko ta shiga rami.

Yau Talata, a ƙaramin asibitin Dundaye,
mutum bakwai suka zo.
Na ƙirga su sau biyu a kan benci
kamar ƙirga tana haihuwa.
Bara waccan, da ake salla kafaɗa ba ta taɓa kafaɗa,
layi har gindin dogonyaro yake kaiwa.
Yanzu tsoro ya huce, ya bar mu da rana.
Tunau ya leƙa firji, ya rubuta huɗu a littafi.
A waje arba'in da uku,
ƙadangare ma ɗaga ƙafa yake.

Saura uku.
Na rufe akwatin ƙanƙara, na hau bayan babur,
muka gangara fadamar Kwalkwalawa
inda injin ban-ruwa ke tari a bakin Rima.

Nomau Jabbi na tsaye cikin albasarsa, laka har ƙwauri.
Ya zaro kati daga cikin hula, gumi ya cinye gefensa.
"Ga ta hwari. Ga ta biyu, wadda ta kwantar da ni wuni guda.
Kun ce an gama. Mi kuka biɗa kuma?
Ta ukku yau, ta huɗu baɗi?
Ko hannun ga nau gonar gwamnati ta?"

Ban yi masa ƙarya ba.
Na ce, Baba, jiki ma yana mantuwa.
Ɓarawon da ya gani jiya zai gane shi,
a yi wata shida sai ya fara kokwanton kamanninsa,
ita kuma cutar tana sauya riga.
Har yaushe? Ban sani ba.
Waɗanda suka aiko ni ma
gogewa suke suna sake rubutawa.

Bai ce komai ba.
Ya sa fartanya ya fasa bakin fangali,
ruwa ya kutsa, ƙasa ta sha har da ƙara.
"Wanga shekaranjiya ya sha," in ji shi, "ga shi yana kuka.
Na san zancen. Ba shi ad damuwata ba.
Ni in na dasa, ba ni tahiya. Ku fa?
Da azumi na tai da ƙahwata, aka ce mota ba ta zo ba.
Bayan layya kun kawo, kuka ce a yi maza, kwananta ya kusa.
Mai ban-ruwan da ka zuwa ran da ya ga dama,
buhu nawa shika cikawa?"

Na tuna zauren taro a cikin gari,
ruwan gora, sanyin na'ura, tsarin shekara biyar a jikin bango.
Na tuna batirin sola da ya fara kumbura,
da alawus ɗinmu na wata huɗu.
Ran da masu tallafi suka naɗe tabarma,
wa zai sayi ƙanƙara?
Babu wanda ya rubuta wannan a bangon.

Ya wanke damtsensa a bakin kwata, ya miƙo, ya kau da kai.
Takwas.
Ya ƙwala wa ɗansa Bube kira daga bakin inji.
Tara.
Na ɗaga ido ina neman mutum,
sai balbelu, sai jaki a ɗaure.
Daga ƙetaren gulbi aka kira la'asar.
A littafi na sa: ɗaya, an zubar.

Ya mayar mini da katin, yatsansa a kan gidan da babu komai.
"Kak ki rubuta ran da za ni zo.
Rubuta ran da za ki komo."

Bironi ya daɗe a sama.

A hanyar komawa ƙanƙara ta zama ruwa,
tana dukan akwati duk ramin da muka faɗa.
Albasa uku ya ba ni, da lakarsu,
na riƙe su a cinya har Dundaye.