Lambar Bara

Ran Laraba na karɓo kekena daga hannun Bappa Ilu,
a rumfarsa ta bayan tashar Kaltungo.
Ya wanke sarƙa, ya sauya man shokozoba,
ya sa sababbin robobi a wuyan fok,
ya buga sirdi da tafin hannu ya ce,
"Hau ka ji, Malam Yila. Katifa ke nan."

Hanyar Tula ba ta san katifa ba.
Dutsen farko ya shigo ta tafin hannuna,
ya bi gwiwa, ya tsaya a haƙori.
Na biyu ya bi sawunsa.
Akwatin rigakafi yana kuka a bayana,
kwalabe suna ta gaisawa.
Gaban keken ya ƙi rusunawa
kamar dattijon da yaro ya miƙa wa hannu.

Na sauka gindin wata ɗorawa,
na ɗaura ɗan famfo mai agogo.
Allura ta miƙe: casa'in da biyar.
Na kira Bappa.
Ya ce, "Ai lambarka ce, tana littafina.
Kai ka faɗa mini da bakinka, bara."

Bara.
Kafin taifot,
kafin sati shida ina ƙirga silin a asibitin Gombe,
kafin in huda bel da ƙusa sau biyu.
Kowa ya gan ni sai ya ce na murmure.
Matata ta ce, limamin cocinmu ya ce,
madubi ma na koya masa ya ce.
Ƙarfe ne kawai bai iya kara ba.
Yana jiran wani mutum mai nauyi
wanda bai dawo daga gadon nan ba.

To.
Na danna bakin bawul.
Fis. Kaɗan.
Na tura zoben roba ƙasa,
na hau a hankali, hannu ɗaya a jikin ɗorawa,
ban yi tsalle ba, ban riƙe numfashi ba,
na bar masa abin da ya rage nawa.
Na sauka, na auna: yatsa ɗaya.
Fis kuma.
Wani yaro mai awaki ya tsaya yana kallo.
"Baba, faci ne?"
Na ce a'a, iska ce ta yi yawa.
Ya dubi tayar, ya dube ni, ya kora awakinsa.

A saba'in da takwas zoben ya ba ni yatsu biyu.
Can ƙasa akwai jan maɓalli,
zomo a gefe, kunkuru a gefe.
Bappa ya bar shi wajen zomo,
don haka ya san ni.
Na murɗa wajen kunkuru.
Ƙas. Ƙas. Na yi jim. Ƙas.

Da na koma hanya, duwatsun suna nan,
ko ɗaya bai matsa ba,
sai dai yanzu a ƙasa suke magana.
Kwalabe sun yi shiru.
Na iso mata sun cika baranda,
goyo yana zufa, wata tana duba rana.

Kafin in buɗe akwati
na rubuta sabuwar lambar a cikin murfi.
Na ɗauko biro, na mayar.
Da fensir na rubuta.