Mai Juya Iska

Ni ne yaron da ke juya famfon iska.
Shekarata sha huɗu, tafin hannuna duk kanta,
ladana sisi da kwanon gwate.

Majami'ar da ke hayin Dilimi ta soma durƙushewa
kamar tsohuwar da gwiwa ta ci amanarta.
Bangon gabas ya tsage daga taga har ƙasa,
tsattsewa ta yi sheƙa a cikin tsagar,
ƙararrawa ta karkace,
in iska ta taso sai ta buga kanta da tsakar dare.

Injiniya ya auna, ya tsuke baki.
Ya ce masu loto sun rarake ƙarƙashin tun tuni,
sun kwashe kuza, sun bar wa ruwa ɗakuna.
In aka zuƙe ruwan, ƙasa za ta bi shi,
gini kuma ya bi ƙasa.
Sai dai a nemo mai shiga.

Aka nemo Jatau,
Basarke ne daga Yawuri,
mai tsamo waɗanda kududdufan kamfani suka haɗiye.
Gajere, mai tari, ba ya son surutu.
Ya leƙa ramin, ya ɗanɗana ruwan da yatsa,
ya ce, "To."

Kullum da safe mu biyu ke shirya shi:
rigar roba, takalman dalma,
kwalkwalin tagulla mai ido uku.
Kafin a ɗaure kusoshi zai tauna goro,
ya tofar da tuka gefe, ya dube ni:
"Yaro, numfashina na hannunka. Kada ka yi mafarki."

Sai tsani. Sai kumfa. Sai shiru.

Can ƙasa ba fitila, ba alƙibla.
Ya ce ruwan kamar kunun kanwa da aka dama da gawayi,
idonsa yatsunsa ne.
Da su yake yaye ruɓaɓɓen taɓo,
ya lalubo tsakuwa mai tauri,
ya jera buhunan siminti kamar mai jera doya a rumbu,
ya tsaga bakin kowanne, ya taka, ya nemi na gaba.

Igiya ce harshenmu.
Ja ɗaya: lafiya.
Ja biyu: sako buhu.
Ja huɗu ban taɓa ji ba sai ranar wata Laraba,
cikin marka, sanyin Jos ya daskarar da ni,
na bi shirwa da ido,
hannuna ya yi sanyi a kan ƙarfe.
Da aka kwance kwalkwalin, leɓensa ya yi shuɗi kamar baba.
Bai mare ni ba.
Ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa
har sai da na ji abin da na kusa tsayarwa.

A samanmu ana ta waƙa.
Ya ce muryar mata ba ta isa can,
sai dai ganga, tana saukowa ta cikin dutse
ta taɓa masa haƙora.
In azahar ta yi mu jawo shi,
ya yi salla a kan buhun da babu komai,
Fada ya aiko da shayi.

Damina biyar.
Na daina ƙirga buhu a dubu tara.

Yau akwai allo a bakin ƙofa,
da sunan Bishop, da na injiniya.
Jatau ya koma Yawuri da tarinsa,
ban ji labarin kabarinsa ba.

Jiya na wuce, an fito ɗaurin aure,
amarya na taka daɓen da tsinin takalmi,
yara na tsalle, bango bai ce uffan ba.
Na tsaya a gindin bangon gabas
har mai gadi ya tambaye ni ko na yar da wani abu.
Na ce a'a.
Hannuna na dama ne kawai
ya soma juyawa shi kaɗai.